Yadda Za Ki Zama Shugabar Zauren Masu Saƙa Ba Tare Da Kin Saƙa Ko Safa Ba

'Yar'uwa, ajiye kwarashin nan tukuna. Idan kika bi matakan da ke ƙasa yadda na jera su, ina ba ki tabbacin kafin zaren da kika saya ya yi ƙura, ke za a riƙa jira ki yi magana a zauren masu saƙa na waya. Za a kira ki gwana. Za a riƙa turo miki hoton hula ana tambaya ko ta yi. Kuma duk wannan ba sai yatsanki ya yi kanta ba.

Ba hasashe nake yi miki ba, hanya ce da aka gwada. Wadda ta gwada ta Sakatariya ce a ofishin wani kamfanin motocin dakon kaya, tana nan da ranta da lafiyarta, kuma da labarinta zan koyar da ke.

Mataki na 1: Ki nemi dalili, amma kada ya zama saƙa

Akwai matan da ke shiga zaure don suna son zare. Waɗannan ki bar su, ba su da buri. Za su tsufa suna ƙirga idon saƙa, ba wanda ya san da zamansu.

Sakatariya nata dalilin ya fi wannan nauyi. Shekara da shekaru tana zaune a teburin bakin ƙofa, kowa ya shigo sai ya dube ta ya ce, "Oga na ciki?" ya wuce. A gida maigida barci yake ɗauke shi a gaban talabijin, yara sun girma, kowa da wayarsa. Rannan sai Akanta, wadda teburinta ke can ƙurya kusa da na'urar buga takardu, ta zo aiki da wani shawul ruwan toka a kafaɗa. Aka ce ina ta saya, ta ce ita ta saƙa. Ofis ya watse ya taru a kanta. Har Oga ya fito ya taɓa gefen shawul ɗin, ya ce matarsa za ta so irinsa.

Sakatariya tana kallo daga bakin ƙofa. Da aka tashi ta tare Akanta a matakala.

"Ashe kina saƙa? Ni ma fa da ina yi."

"Haba dai? Ai kuwa bari in sa ki a zaurenmu. Akwai mata daga ko'ina, za ki ji daɗinsu."

Kin ga dalili mai kyau ke nan. Son zare yana iya gushewa. Hassada ba ta gajiya.

Mataki na 2: Kada ki ce ba ki iya ba, ki ce kin daɗe da ajiyewa

Kowane zaure yana da uwa. Ta wannan zauren tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, ita ta buɗe shi, kowa Mama yake ce mata. Ba ta son rubutu, saƙon murya take turowa, da ɗan tari a tsakiya. Duk wadda ta shigo sai ta tarbe ta da kanta.

"Sannu da zuwa, 'yata. Me kike saƙawa yanzu?"

Tarko ke nan, ko da yake ita tsohuwar ba ta san tarko ba ne. Marar wayo sai ta ce, "Mama, koyo na zo." Shi ke nan ta rubuta sunanta a layin baya har abada.

Sakatariya ta rubuta, "Mama, na daɗe da ajiyewa, hidimar yara da aiki. Hannun ya ɗan yi sanyi, amma zai dawo."

Ki lura da kyawun wannan jimla. Ba ta ce ta iya ba, ba ta ce ba ta iya ba. Ta bar wa kowa ya saƙa mata tarihin da ya ga dama, kuma masu saƙa ba sa ƙin aiki.

Mataki na 3: Ki sayi zare, ki ɗauke shi hoto

Ki je shagon kayan ɗinki ki cika jaka. Ulu mai laushi, launi-launi, da kwarashi manya da ƙanana, da tsinken saƙa guda biyu masu ƙyalli. Ki jera dunƙulen zaren a kan tebur kusa da taga, ki ajiye kofin shayi a gefe, ki ɗora tabarau a kai ko da idonki lafiya lau. Ki ɗauka, ki tura, ki rubuta, "Ni da ƙawayena yau."

A nan Sakatariya ta yi kuskure guda, ina faɗa miki ne don ki kiyaye. Wata Asabar da hantsi ta kulle ɗaki, ta kunna bidiyon koyarwa, ta ce bari ta gwada. Matar da ke bidiyon hannunta na tafiya kamar ruwa. Ita kuwa zaren ya naɗe mata a babban yatsa, kwarashin ya ƙi shiga inda aka ce ya shiga, abin da ya fito ya fi kama da gashin da aka ciro daga mataji. Ta warware, ta sake, ya ƙulle. Wuyanta ya ƙage. Maigida ya ƙwanƙwasa yana tambayar ina aka ajiye cajar waya. Ta tura kayan ƙarƙashin gado, ta zauna tana huci.

Kada ki gwada. Gwaji yana sa mutum ya fara girmama waɗanda suka iya, kuma girmamawa tana kashe harshe.

Mataki na 4: Ki koyi kushe

Ba a gane gwana da abin da ta yi, da abin da ta raina ake gane ta. Ki yi mako kina karanta abin da manyan zauren ke faɗa, ki tsinci 'yan kalmomi ki adana. "Hannunki ya ɗan yi tsauri." "Gefen ya karkace." "Wannan zaren ba ya son irin wannan saƙar." Kowacce tana shiga kowane hoto, kamar makullin da ke buɗe duk ƙofa.

Sai ki jira mai rauni. Ta Sakatariya wata yarinya ce sabuwar haihuwa, a zauren Maijego ake ce mata. Ta turo hoton hular da ta yi wa jaririnta, hularta ta farko a duniya, gefe ɗaya ya zubo, ɗayan ya tsuke, ga wani tudu a sama. Ta rubuta, "Antocina, ku duba mini. Ina yi ne idan ya yi barci."

Sakatariya ta amsa, "Ta yi kyau, ƙanwata. Ta butar shayi ce ko?"

Hotunan dariya suka yi ta zubowa. Maijego ta turo nata hoton dariyar ita ma, daga nan ba a sake jin ta ba sai bayan makonni.

Mama ta turo murya a zaure, ta ce hular za ta riƙe ɗumi, kuma ita tata ta farko ko kan kyanwa ba za ta shiga ba. Sannan ta bi Sakatariya ta gefe, inda ba mai ji.

"'Yata, a riƙa sassautawa. Ke da kika yi nisa, ja musu hannu za ki yi."

Sakatariya ta ji kunya na ɗan lokaci. Amma ta sake sauraron saƙon, ta tsaya a kan "ke da kika yi nisa". Ki koyi wannan. A cikin kowane faɗa akwai yabo, idan kin iya tsincewa.

Mataki na 5: Ki nuna aiki, ba lallai naki ba

Wata rana dole a ce, "Anti, mu ga naki mana." Kada ki firgita. Ki je layin masu gwanjo, ki tsuguna a tarin kayan sanyi, ki tona. Kada ki ɗauki ta inji, an san ta. Ki nemi wadda wata baiwar Allah ta ɓata watanni tana yi da hannu, jikanta ya ƙi sawa.

Sakatariya ta samu suwaita ruwan madara, gabanta da wata saƙa mai kama da kitso. Ta wanke, ta shanya a inuwa, ta soka tsinken saƙa a hannun rigar kamar yanzu ta gama. Ta tura, ta rubuta, "Ba ta fito yadda nake so ba, amma ga ta."

Zaure ya ɗauka. Wata ta ce a koya musu. Wata ta ce a turo tsarin.

"Ba ni da tsari, daga kaina na fitar."

Akanta ce kaɗai ta so ta kawo matsala, kuma ba da mugunta ba. Lokacin hutun rana ta jawo kujera da zarenta a hannu.

"Don Allah nuna mini yadda kike juya kitson nan."

"Wallahi ba na iya saƙa a gaban mutane. Hankalina rabuwa yake yi."

Akanta ta gyaɗa kai cikin girmamawa, ta mayar da kujerar. Mutanen kirki suna da sauƙin sha'ani. Duk abin da ba su gane ba sai su ɗauka baiwa ce.

Mataki na 6: Ki nemi rigima ki tsaya a tsakiyarta

Masu saƙa suna da fuskar salama, amma ki tambaye su tsakanin kwarashi da tsinke biyu wanne ne saƙa ta gaskiya, sannan ki ja baya. Ko ki ce zaren roba ba zare ba ne. Za ki ga matan da suka yi jika suna fita daga zaure suna dawowa.

Sakatariya ita ta jefa tambayar, da safe, tana shan shayi. Da rana ta yi zafi, wata mai shagon magani da wata malamar makaranta sun daina gaisawa. Sai ta fito da doguwar nasiha a kan haƙuri da zumunci, ta ce duk zare ɗaya ne, hannu ne ya bambanta. Ba ta san ma'anar maganar ba, amma an yi ta tura ta wasu zauruka.

Mama, wadda tarinta ya fara yawa a lokacin, ta ce tana neman mai taimaka mata da kula da zaure. Ba a ma yi zaɓe ba.

Mataki na 7: Idan aka miƙo girma, ki karɓa da hannu biyu

Aka wayi gari muryar Mama ba ta zo ba. Kwana ya biyo kwana. Sai 'yarta ta rubuto da wayar uwar, ta ce an kwantar da ita a asibiti, ƙirji ne, a sa ta a addu'a.

Akanta ce ta kawo shawara: kowace mace a zauren ta saƙa ɗan murabba'i kamar faɗin tafin hannu biyu, a haɗa su a yi wa Mama bargo, ta rufa da hannun 'ya'yanta. Kowa ya yi na'am. Saura wa zai haɗa, ya saƙa masa baki a gefe.

"Ai ba sai an tambaya ba," in ji Mai Shagon Magani. "Anti Sakatariya. Ga hannu, ga motocin kamfaninsu na zuwa ko'ina."

Sakatariya ta riƙe wayar. Nan ne ƙofar fita ta ƙarshe, kuma ta gan ta. Jimla ɗaya ce za ta rubuta. Sai ta ga saƙonni na shigowa, "Allah ya saka, Anti", "Mun san ba za ki ba mu kunya ba". Ta rubuta, "Ku turo. Nawa a tsakiya zai zauna."

Haka ake yi. Girma ba ya jiran ki shirya.

Direbobi suka fara kawo ƙunshi-ƙunshi. Ja, kore, ruwan goro, mai ratsi, mai fure. Wata ta fesa wa nata turare. Har Maijego ta aiko da nata, shuɗi, a karkace, kusurwa ɗaya ta fi sauran tsawo. Sakatariya ta zuba su a kwalin takardun ofis, ta tura ƙarƙashin tebur, inda ƙafarta ke taɓa shi duk lokacin da ta zauna.

Mataki na 8: Ki ja lokaci da mutunci

Uzuri ma sana'a ne. Ki fara da na inganci: "Ina jiran zaren da zai dace da bakin." Sai na lafiya: "Wuyan hannuna ya ɗan motsa." Sai na ɗora laifi: "Wasu sun yi nasu ya fi girma, sai na daidaita." Wannan na ƙarshen ya fi, don kowace za ta zargi kanta ta yi shiru.

Kada ki ɗauka Sakatariya ba ta nemi mafita ba. Ta ɗauki kwalin ta kai wa telan da ke yi mata ɗinki. Ya ɗaga guda biyu, ya ja, ya girgiza kai.

"Hajiya, keke zai cinye wannan. Da zare ake haɗa shi, da hannu. Ki kai wa masu saƙa."

Duk mai saƙar da ta sani tana cikin zauren.

Sau ɗaya ta je har teburin Akanta. Ta tsaya, ta buɗe baki. Akanta ta ɗago da fara'a ta ce, "Ya bargonmu? Na ce wa maigidana, in dai ke ce, Mama sai ta yi kuka don daɗi." Sakatariya ta ce ta zo aron abin huda takarda ne.

Da yammacin wata Laraba, tana tattara jaka, muryar Mama ta shigo ta gefe. Ta yi ƙasa sosai, ana jin ƙarar wata na'ura a bayanta.

"'Yata, an ce bargona na hannunki. Ki yi a hankali, kada ki takura kanki. Ɗakin nan dai akwai sanyi."

Sakatariya ta saurara, ta zauna. Ta jawo kwalin ta buɗe, ta ɗauki guda biyu ta haɗa gefensu, ta daɗe tana kallon inda ya kamata zare ya bi. Mai shara ya leƙo ya ce zai kulle. Ta mayar, ta rubuta, "Saura kaɗan, Mama."

Ki riƙe wannan kalma. "Saura kaɗan" ba ta da ranar ƙarewa.

Mataki na 9: Ki fi kowa iya ta'aziyya

Mama ta rasu da safiyar wata ranar aiki. 'Yarta ce ta sanar, a layi biyu.

A irin wannan rana zaure yana rikicewa, kowa na kuka, ba mai tsari. Ke ki nutsu ki rubuta mafi tsawo. Ki ce uwa ce, ki ce ita ta riƙe hannunki. Sakatariya ta rubuta nata tana hawaye, kuma hawayen na gaske ne, abin da ya ƙara wa rubutun armashi ke nan.

Da Malamar Makaranta ta tambaya a hankali ko bargon ya kai gare ta, sai ta amsa, "Gefe ɗaya ya rage mini. Allah bai nufa ba."

Nan take aka koma lallashinta. Aka ce kada ta zargi kanta, ta yi iya ƙoƙarinta. Kafin mako ya zagayo an ce zaure ba zai zauna ba shugaba, kuma wa ya fi cancanta da wadda ta kwana ta tashi da bargon Mama?

Ga shi na cika miki alkawari. Shugaba, ba safa, ba hula.

Mataki na 10: Kada ki bar kwalin a ofis

Wannan matakin Sakatariya ba ta bi ba, don lokacin ban rubuta shi ba.

Bayan an share makoki, wata mata ta shigo ofis da rana, doguwa, idonta a kumbure, da jakar hannu a rungume. Ta yi sallama ta tsaya a gaban teburin.

"Anti, ni ce 'yar Mama. Akanta ce ta yi mini kwatance. Na zo karɓar bargon ne, ko bai ƙarasa ba. Ta yi ta tambayarsa."

Sakatariya ta ce ai yana gida. Amma ƙafarta ta bugi kwalin, ya zamo waje, bakinsa a buɗe, launuka na leƙowa. Matar ta duba. Ta durƙusa ta ɗago shi ta ɗora a kan tebur.

Ta fara fitar da su ɗaya bayan ɗaya tana shimfiɗawa a kan fayil-fayil. Babu biyu da ke haɗe. Ta san yawancinsu, don uwarta ta nuna mata hotunan a gadon asibiti. Wannan na Mai Shagon Magani ne. Wannan mai furen na Malama. Ta ɗaga shuɗin nan karkatacce ta ɗan yi murmushi, ta ce Mama ta ce yarinyar nan hannunta na gyaruwa. Ta kai ƙasan kwalin, ta shafa, ta ɗago kai.

"Anti, wanne ne naki? Ta ce in fara duba na tsakiya."

Na'urar buga takardu tana ta aiki a ƙurya. Akanta ta fita banki. Sakatariya ta dubi teburin, launi ya rufe shi kaf, ta rasa inda za ta ajiye idonta. Duk jimlolin da suka kawo ta nan ta laluba, ba wadda ta zo.

Matar ta jira. Sai ta fara mayar da su cikin kwalin, tana ninke kowanne kamar kayan jariri.

"Ba komai. Zan haɗa da kaina. Ban iya ba, amma zan koya."

Ta rungumi kwalin, ta yi godiya, ta fita. Ba ta faɗa wa kowa ba, har yau. Sakatariya ta shiga banɗaki ta daɗe, ta fito da fuska a wanke, ta ci gaba da amsa waya. Tana nan tana shugabancinta, zaure ya ƙara cika, an ce ma yanzu ta rage kushe. Wannan rauni ne, amma a matsayinta ba zai cutar da ita ba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta da alhakin kuɗin zaren da zai ruɓe miki a ƙarƙashin gado, ko ƙawayen da za ki rasa, ko abincin da zai daina yi miki daɗi. Shugabanci na yi alkawari, ban yi alkawarin kwanciyar hankali ba. Idan kuma wata rana wata ta tsaya a gaban teburinki, ba faɗa, ba zagi, ta tambaye ki wanne ne naki, kada ki neme ni. Na duba ko'ina, wannan ba ta da mataki.